Kakar da Aka Ara

Ranar Asabar ta ƙarshe a watan Oktoban bara, bayan la'asar, mu uku ne a falon gidana da ke Barking, gabashin Landan: ni, da 'yata ta biyu, da wata ƙawarta da suka yi jami'a tare. 'Yata mai zane ce. Ƙawar marubuciya ce, haifaffiyar Landan, iyayenta mutanen Ekwado ne a Kudancin Amurka. Sun kawo mini littafin da suke haɗawa, irin na zane-zanen nan na jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. Wani ƙaramin kamfanin ɗab'i ya riga ya karɓa, ya ce yana neman jaruma daga mutanen Latin Amurka, wadda 'yar cikinsu ta rubuta. Saura 'yan makonni a miƙa.

Jarumar yarinya ce daga kudancin Landan. In an firgita mutum, sai ta zare tsoron daga jikinsa, kuma daga kakarta ta gaji wannan baiwa. Na tambayi marubuciyar inda ta samo labarin. Ta gyara zama ta ce kakarta ce ta gaske, a wani ƙauye kan duwatsu, inda maƙwabta ke kawo mata yaran da suka razana. Ta ce hannun tsohuwar sanyi gare shi kamar ruwan safiya. Ta ɗan dakata, ta yi dariya, ta ci gaba.

Na riga na ji wannan labari. 'Yata ta taɓa turo mini bidiyon wani taro da aka yi a kantin littattafai a Bloomsbury, inda yarinyar ta ba da shi da kalmomin nan daidai, da dakatawar, da dariyar. Na daɗe ina hira da mutane a rediyo. Wanda abu ya faru da shi, in ka sake tambayarsa, kalmominsa kan sauya amma zancen yana nan. Wanda ya haddace kuwa ko waƙafi ba ya motsawa. Na ci gaba da buɗe shafuka.

A shafin da kakar ta fara bayyana na tsaya. Fuskar baƙuwa ce, da hula da kitso biyu dogaye. Amma ta haɗa tafukanta, ta tofa a ciki, ta shafa wa jikarta daga goshi zuwa ƙirji, sannan ta ja mata hanci. Ƙaramin yatsanta na hagu a lanƙwashe yake. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta karya wannan yatsa tana yarinya, haka ya warke. Tofi kowa na yi a garinmu, jan hancin nan kuwa nata ne ita kaɗai.

“Wannan wa ce?” na tambayi 'yata.

“Kakar jarumar mana, Umma.” Da Turanci ta amsa, kamar kullum.

“Me take karantawa a hannun?”

A zanen, saman kan tsohuwar taurari ne ƙanana, babu kalma ko ɗaya. Marubuciyar ta ce, “Addu'a ce ta gargajiya, Anti. Mun bar wa mai karatu ya cike.” Hajiya, mahaifiyata, surorin neman tsari take karantawa, kuma ba ta taɓa barin wani ya cike mata ba.

Sun bar mini kwafi. Washegari na karanta shi yadda nake karanta rahoton wakili kafin ya shiga iska, ina neman inda aka yanke aka liƙa. Na samu biyu. Jarumar tana zare tsoro, amma ba a faɗi inda tsoron yake zuwa ba. Sannan a kowane shafi akwai wasu fararen abubuwa masu siffar ƙwai jere a ɗamararta, ba ta taɓa taɓa su ba, ba wanda ya ambace su. An cire wani abu daga labarin, an cusa mahaifiyata a gurbinsa, kuma za a buga ta a matsayin al'adar wasu mutane.

Na kira 'yata na ce ina so in ga mahaifiyar ƙawarta.

“Umma, ba minista ba ce fa. Ƙawata ce. Ita ma sai kin nemo majiya ta biyu?”

“Cewa na yi zan gaishe ta.”

“Na san gaisuwarki. Wancan karon da kika je gaishe da mutumin ƙaramar hukuma sai da ya nemi ruwa.”

Duk da haka ta shirya. Matar tana da ɗan shagon abinci a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a kudancin Landan. Mun je da rana tare da marubuciyar, ciniki ya lafa. Gajeriya ce mai fara'a, Turancinta na kasuwa. Ta ajiye mini faten dankali da cuku, ta rantse babu alade. Na ci, na yaba, sannan na tambaye ta yadda mahaifiyarta ke yi wa yaron da ya razana. Na haɗa tafukana na nuna mata abin da ke cikin zanen.

Ta kalle ni, ta kalli 'yarta. “Yawu? A fuskar yaro? Wa ya ce?”

Ta miƙa hannu ta ɗauko ɗanyen ƙwai daga kwali, ta kamo 'yarta ta wuyan riga, ta shiga goga mata shi a ka, da kafaɗu, da baya, tana addu'a tana kiran sunan Budurwa Maryamu. Yarinyar na cewa, “Mami, akwai mutane.” Matar ta fasa ƙwan a kofin ruwa ta ɗaga shi wajen haske. Ta ce tsoron ƙwai ne ke shanye shi, a nan ake dubawa, sannan a zubar can nesa da gida.

Na juya ga marubuciyar, na yi shiru. Shiru ya fi tambaya aiki, in ka iya riƙe shi. Ta ce ba ta taɓa ganin kakarta ba. Tsohuwar ta rasu lokacin da iyayenta ke zarya ofishin shige da fice na Croydon neman takardun zama, ba halin tafiya. Labarin daga bakin uwarta ta ji shi, shi ya sa ba ta sauya ko kalma, tana tsoron in ta taɓa shi ya lalace. Da ƙwai ta fara rubutawa. Editan kamfanin ya yi dariya ya ce yara za su mai da jarumar abin tsokana, a nemo abin da ya fi nauyi.

“Ni na ba ta Hajiya,” in ji 'yata. Wannan karon da Hausa ta yi magana. “Ba ta roƙa ba. Ba wanda zai buga jaruma Bahaushiya, Umma. Nan ne na samo mata wuri.”

“Kin kai an ƙi?”

Ta sunkuyar da kai. Ba ta kai ba.

Na ce musu ba ni da iko da littafinsu. Amma in tofin ya fito a hannun wata tsohuwa da taurari a kanta, duk wanda ya tambaye ni zan faɗa masa ta wa ce da abin da take karantawa. Mai shagon ba ta bi duk zancen ba. Ta dai fahimci an cire ƙwan uwarta, ta shiga yi wa 'yarta faɗa da Sifaniyanci har wani mai cin abinci ya ɗauki farantinsa ya koma waje.

A jirgin ƙasa na layin District muna komawa gida ina ta juya maganar editan. Sau ɗaya kawai na ji ta, ba ni da abin gwada ta. Yana yiwuwa ya yi dariyar. Yana yiwuwa kuma yarinyar ce ta fara jin kunyar ƙwan tun kafin kowa ya gani, ganin yadda ta janye kai lokacin da uwarta ke goga mata. 'Yata na gefena, kunnenta a toshe da waya har Barking.

Littafin ya fito bayan ƙaramar Salla. Kakar na riƙe da ƙwai, an cire tofin da jan hancin, an kuma bayyana abin da ke ɗamarar. Yatsan hagu yana nan a lanƙwashe. 'Yata ba ta kawo mini kwafi ba. Mai shagon ce ta aiko da shi, tare da roba cike da faten dankali.