Baba Mai Guga da Ƙararrawar Kawu

Kafin a buɗe ƙofar shagon wankin kawuna, Baba Mai Guga ya riga ya shiga ɗakin baya ya raba kaya. Siliki da sauran masu laushi gefe guda, auduga gefe guda, labule da zannuwan gado can ƙarshe. Yakan fara da waɗanda ba sa son zafi, dutsen guga na ƙara ɗaukar wuta yana matsawa zuwa masu kauri. Haka yake yi tun ban kai tsayin teburinsa ba. Ku tambayi masu wanki, ba wanda ya taɓa ganin rigar da ta ƙone a hannunsa.

Wannan mutumin ne Kawu ya ce zai sallama a ƙarshen wata.

Wai laifinsa kaya ba sa fita kan lokaci. Kawu ya sayi sabon injin wanki, ya ƙara masu wanki, amma tulin da ke gaban Baba sai ƙara tsayi yake. Da ƙorafi ya yi yawa, Kawu ya ɗaura ƙararrawa daga kantar karɓar kaya zuwa ɗakin guga. Duk wanda ya zo karɓar kaya bai samu ba, sai mai kanta ta danna, Baba ya ajiye abin da yake yi ya tono na mutumin.

"Tsufa ne kawai," in ji Kawu. "Kowa na gudu, shi yana rarrafe."

Na ce masa, "Kawu, bari in zauna a ɗakin in gani."

"'Yar boko ke nan! Guga ma a jami'a aka koya miki?"

Ba a koya mini guga ba. An dai koya mini cewa kasuwanci ba mutum ɗaya ba ne, hannuwa ne a jere, kuma inda kaya suka taru ba lallai nan matsalar ta faro ba. Na ɗauki kujera na zauna, zufa na keto mini, masu wanki na yi mini dariya ta taga.

Abin da na gani ya ƙona mini rai. Baba na tsakiyar zanen gado, dutse ya yi zafi sosai, sai ƙararrawa: rigar siliki ake so yanzu-yanzu. Dole ya tsaya dutse ya huce. Yana gamawa sai wata ƙarar: labule. Ya sake tsayawa dutse ya yi zafi. Rabin yininsa a jira yake ƙarewa. Waɗanda aka ture kayansu gefe kuwa, gobe su ne za su zo su tarar ba a gama ba, a sake danna musu ƙararrawa. Ita ke haifar da latti, lattin ke sa a danna ta. A can gaba kuma mai kanta na ce wa kowa "gobe da safe", don Kawu ya hana ta faɗin jibi.

Na ce, "Baba, ka san wannan abin ne ke kashe ka?"

Ya yayyafa ruwa a wuyan wata riga. "To, Malama, shago nasa, ƙararrawa tasa."

"Za a kore ka fa!"

"Matsa da kujerar, kin zauna kan hannun rigar mutane."

Baba, har yau ina jin haushin wannan amsar. Kai ne ka shanye zagin da ba naka ba, ƙafafunka a kumbure, ba ka taɓa cewa ga mai laifi ba. Mai kanta da bakinta ta gaya mini ranar da ta haɗa kayan mutum biyu, kai ka ce kuskurenka ne don kada a taɓa aikinta. Dutse mai sanyin zuciya! Amma shirun nan naka ya kusa raba ka da abincin iyalinka.

Kawu bai saurari bayanina ba. Ya ce in tafi da zane-zanen da na yi masa a takarda, ya ce yarinya ba ta koya masa sana'arsa. Na jure, na dawo, na sake dawowa. Daga ƙarshe na ɗauki almakashi na datse wayar ƙararrawar a gabansa, na ce idan wata ya ƙare kaya ba su daidaita ba, ya kore mu tare. Mai kanta kuma ta fara faɗa wa mutane ranar gaskiya. Kawu ya daina amsa gaisuwata.

Tulin ya sauka. Baba na nan a teburinsa. Kun san abin da Kawu ke gaya wa abokansa? Wai sabon injin ne ya fara biyan kuɗinsa.

Shi ya sa na rubuta wannan, tunda ba wanda zai faɗa. Baba, mun gode. Allah ya huce maka gajiya, ya ba ƙafafun nan lafiya. Ku kuma masu shaguna, kafin ku daka wa na ƙarshen layi tsawa, ku taka da baya ku ga wa ke tura masa kaya, wa ke katse shi. Masu aiki, ku yi koyi da hannun Baba da amanarsa, amma don Allah ku bar masa shirunsa.

Jiya na leƙa. Ya fara da siliki da safe, ya kai labule da la'asar, ba abin da ya katse shi. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malama, ko za ki sake zama kan hannun rigar mutane ne?"