Littafin Jabu da Makullin Magaza

Har gobe ba zan manta da wata Litinin ta watan Satumba ba, ina shekara ta tara da riƙe magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a kantin littattafan Alhaji Mamman a unguwar Treichville. Aikina in karɓi kwalayen littattafan jami'a daga tashar jiragen ruwa, in duba, in kulle har a buɗe makarantu. Makulli biyu ne, ɗaya wurina, ɗaya wurin Alhaji.

Ran nan ya dire wani littafin koyon likitanci a gabana. Jabu ne, fotokofi aka yi aka ɗinke.

"Sani, a kasuwar Black Market ta unguwar Adjamé aka sayo wannan, namu ko fita bai yi ba. Yi mini bayani."

"Wallahi Alhaji ban san komai ba."

"Zuwa Juma'a. In ba ka kawo mai shi ba, ka aje mini makullina."

Abin ya ƙona mini rai. Abokan aiki suka koma yin tsit in na shigo, ni ma na shiga zargin kowa: direba da ya yi sabuwar waya, mai gadi da gaisuwarsa ta yi yawa. Na je Adjamé, mai teburin da ke sayar da jabun ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, mu sayarwa muke, ba mu san sunan kowa ba."

Ranar Alhamis na zauna na bi jabun shafi-shafi. Mai yin fotokofi sai ya danne littafi da hannu, wani lokaci injin kan ɗauki hannun. Can tsakiya na ga yatsu biyu a gefen shafi, da lalle da ɗan zobe. Ba mu da ma'aikaciya mace. Mace ɗaya ke shiga ofis, Hadiza 'yar Alhaji, mai karatun likita.

Na kai wa Alhaji shafin. Ya daɗe yana kallon zoben.

"Koma bakin aikinka," ya ce. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Daga baya na ji da makullin babanta ta ɗauki littafin, ƙawayenta marasa halin saya ta kwafa wa, kwafin ya bi hannu har Adjamé.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani in kaya ya fita, kan mai albashi zargi ke fara sauka, ba a tuna 'yan gida. Washegarin ranar da na kai masa shafin na buɗe rajista: duk wanda ya ɗauki littafi ya sa hannu. Alhaji na fara miƙa wa biro. Ya sa hannu bai ɗago ya kalle ni ba.