Idonki Biyu, Mai Burodi

Ku matso kusa, muryata ba ta zuwa nesa yanzu. Matar nan da kuke nunawa a hoto, wadda idonta yake a rufe, Mai Burodi ke nan. Ko 'ya'yanta haka suke ce mata in ba ta kusa.

Tun tana budurwa take aiki a gidan burodin da ke bayan tashar mota. Lokacin da mutane suke kwance, ita tana tsaye tana kwaɓi, hannunta cikin ƙullu har gwiwar hannu. Gari na wayewa, kowa yana fita, ita kuma tana komawa gida, fulawa a girarta, zaninta yana ƙamshin yis. A haka ta yi aure, a haka ta yi goyo, a haka mijinta ya rasu ya bar ta. Barcinta kuwa gutsure-gutsure ne: kaɗan a mota, kaɗan a bakin murhu, kaɗan a layin asibiti.

Wata shekara sai Malama, wata tsohuwar malamar makaranta a cocinmu, ta ce mu taru mu bi Littafi Mai Tsarki daga farkonsa har ƙarshensa cikin shekara guda. Kowace Laraba da yamma muke haɗuwa a shagon Tela, bayan ya ture kekunan ɗinkinsa gefe. Mai Burodi ba ta iya karatu ba, amma ita take fara zuwa. Ta ce, "Ni dai so nake in ji da kunnena yadda abin ya ƙare."

To ga shagon Tela da ɗumi. Fanka tana juyawa a hankali, yadudduka a rataye suna lilo, muryar Malama kamar ana zuba ruwa a tulu. Ana farawa, Mai Burodi ta kafa mata ido. Kafin a juya shafi, kanta ya sauka a kafaɗata.

Amma labarin bai taɓa barinta ba, binta yake har cikin barcin. Ranar da aka karanta ruwan da ya rufe duniya, sai ta ga ruwa ya cika layinmu shiru, burodi suna iyo kamar agwagi, kwamin kwaɓinta ya zama jirgi, duk maƙwabta sun shiga, har mai shagon da ba sa ga maciji da juna. Ranar da aka karanta yadda wasu yayye suka jefa ƙaninsu a rami, ita ta ga sun juyo daga hanya, sun ciro shi, suna kaɗe masa ƙura.

Akwai ƙanin mijinta a cikinmu, direba ne, bakinsa ba ya hutawa. Da an yi addu'ar tashi sai ya ce, "Matar yaya, yau ina aka kai ki?"

Ta ba da labari, kowa ya yi ta dariya.

Direban ya ce, "Wai ke a naki littafin ba a mutuwa ne?"

"Kai, rufe mini baki. Ni na tsara? Nuna mini ake yi."

Malama kuwa ba ta ɓoye gaskiya ko don zumunci. Takan ce, "Yaya, ba haka aka rubuta ba. Ruwan nan ya ci mutane." Sai Mai Burodi ta ɗaura ɗankwalinta, ta kama hanyar aiki. Abin yana cinta a rai. Watanni suna tafiya, ita farkon kowane labari gare ta, ƙarshen duk na mafarki ne, kuma kullum na mafarkin ya fi daɗi, kullum kuma ba shi ba ne.

Da Larabar ƙarshe ta zo, ta ce ko me za a yi, yau da ido biyu za ta ji. Ta ƙi zama a benci. Ta cire takalmi, ta tsaya a kan siminti mai sanyi, ta riƙe ƙofa.

Tela ya ce, "Ga allura, ko a ba maƙwabciyarki ta riƙa taɓa ki?"

Direba ya ce, "In za ki faɗi, matar yaya, ki faɗo ta nan, keken mutane ne a can."

Aka kashe fanka saboda ita, muka zauna muna gumi. Malama ta buɗe shafukan ƙarshe. Ta karanta wani birni da yake saukowa daga sama, ƙofofinsa ba a rufe su. Kogi yana bi ta tsakiyarsa, garau, ana ganin ƙasansa. Itatuwa a baki suna ta 'ya'ya ba yankewa, ganyensu magani. Ana share wa mutane hawaye. Mutuwa ta wuce, dare ma babu. Hasken yamma ya shigo ta taga ya kwanta a kan yadudduka, Mai Burodi tana ɗan lilo kamar su, idonta a buɗe, ba ta ko ƙiftawa.

Malama ta rufe Littafin. Muka ce amin. Sai Mai Burodi ta sulale ta zauna a ƙasa, ta fashe da kuka.

"Ya sake sace ni."

Na ce, "Wa?"

"Barci mana. A tsaye ma bai bar ni ba. Shekara guda, ƙarshen ma ban samu ba."

Malama ta ce, "Me kika gani, Yaya?"

"Irin shirmen nan nawa. Kogi, itatuwa, wai ba mai mutuwa, wai dare ba ya yi."

Direba ya durƙusa a gabanta, ba wasa a muryarsa. "Matar yaya, idonki biyu. Abin da aka karanta ke nan."

"Kai ba a yarda da kai." Ta juya wajen Malama, don ta san ita ba ta lallashi da ƙarya. Malama ta sake buɗewa, ta kama yatsanta mai kaushi, ta ɗora a kan layin. "Nan ne, Yaya. Yau ba abin da zan gyara miki."

Ta daɗe tana kallon baƙaƙen da ba ta sani ba. Can ta share hanci da bakin zani, ta ce, "To in ba dare, yaushe ake kwaɓa musu burodi?"

Tela ya ce, "Da rana, kamar kowane aiki."

Ta yi dariya har da tari. "Malama, maimaita mini wajen kogin."

Ta hau benci kusa da ni. Malama ta fara, direba ya miƙa hannu ya kunna fanka. Kafin a kai itatuwan, kanta ya sauka a kafaɗata, ba wanda ya tashe ta. A lokacin ne Tela ya ɗauki hoton nan.