Cokulan Mama da Butar Enoch

Ƙanena Enoch Ibbotson maƙerin azurfa ne a nan Sheffield. Ni aikin goge kayan azurfa nake yi, ina yini fuska baƙi ƙirin, amma shi tun yana ɗan mitsitsi hannunsa na guduma ne. Ya daɗe yana ƙira a ƙarƙashin wani kafin a ba shi izinin buga harufan sunansa a jikin kaya. Ranar nan ba gidan da ban leƙa na kai albishir ba a layinmu.

Butar shayi ce aikinsa na farko. Kafin ya narka azurfar, Mama ta fito da cokulan kakarmu, waɗanda ba a taɓawa sai Kirsimeti, ta zare ɗaya.

"Ungo, ka haɗa da wannan. Azurfa ce zalla, albarkar kakarka ta shiga ciki."

Enoch ya juya bayan cokalin, ya ga babu tambarin zaki, shaidar azurfa ta gaske. Ni ma na gani. Jan ƙarfe ne aka yi wa ruwan azurfa. Muka haɗa ido, kowa ya kama bakinsa, don da cokulan nan Mama take ɗaga kai a unguwa. A gabanta ya jefa shi cikin tukunya, yana fatan ɗan kaɗan ba zai nuna ba.

A gidan gwajin azurfa kuwa, in kaya bai cika ba, ba a buga masa zaki. Murƙushe shi ake a mayar wa mai shi. Haka butar ta dawo kamar an taka gwangwani.

"Nellie, yaushe za mu sha shayin ne?" in ji Ada Hattersley, maƙwabciyarmu, ta saman katanga. "Ko a tafin hannu za ku zuba mana?"

Na daina bin layin, sai ta baya. Abokan aikinsa suka sa masa suna Mai Gauraye. Bai taɓa buɗe baki ya faɗi dalili ba.

Mama ta tsare shi a kan tebur. "Kai, me ya sa suka fasa maka buta?"

"Ni na yi ganganci wajen haɗi, Mama."

"Ai na sani. Ɗaya ya yi kaɗan." Ta turo masa sauran cokulan gaba ɗaya. "Zuba duka."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Da muka fita ya tura min su cikin aljihu.

"Yaya, ki ɓoye su inda ko ɓera ba zai gani ba."

Jiya buta ta biyu ta dawo da zakinta, ɗan ƙarami, kusa da harufansa. Ni na goge ta da hannuna, ina yi ina rawa. Mama na can bakin katanga tana faɗa wa Ada cewa cokulanta ne suka ceci yaron, Enoch na gefe kansa a ƙasa yana cewa, "Haka ne, Mama."