Kujeru Huɗu a Gidan Abincin Madam Anita

Har na yi ritaya ban taɓa mantawa da ranar da aka aike ni Kano in kama ɗakin cin abinci ba. Na ga wasunku sun fara murmushi, to ku bari ku ji.

Daminar 1999 ce, 'yan watanni bayan sojoji sun miƙa mulki. Ina mataki na takwas a lokacin, ni ne jami'in kula da baƙi a hukumarmu, wadda ke lura da wasu asibitoci a nan Katsina. Aikina shi ne in tarbi baƙo, in nema mashi masauki, in tsara inda kowa zai zauna a wurin taro. Sama da ni akwai Sakatare, Malam Mu'azu, wanda shi ne babban ma'aikaci. Sama da shi kuma akwai Ciyaman, wanda gwamnati ke naɗawa. Sabon Ciyaman ɗinmu ɗan siyasa ne, Alhaji Sada, mutum mai kyauta da saurin fushi, wanda ba ya zuwa ko'ina sai da motoci cike da magoya baya.

Muna da likitan ido guda ɗaya tal, wani Ba'indiye, Dokta Menon. Ya daɗe a Katsina har yana jin Hausa, kuma shi ke yi wa tsofaffi aikin yanar ido. Wata rana Ciyaman ya kai mahaifiyar wani abokin siyasarsa asibitin, ya aika a kira likita. Likita ya ce yana tsakiyar aiki a idon wani, a jira shi. Ran Ciyaman ya ɓaci. Da likitan ya fito, sai Ciyaman ya faɗa mashi a gaban jama'a cewa shi baƙo ne, kuma in aka ga dama gobe a mai da shi ƙasarsu. Dokta Menon ya koma bakin aikinsa. Ya gama duba marasa lafiyar ranar, ya ajiye aiki, ya ɗauki matarsa suka tafi Kano wurin 'yan uwansu, suna jiran jirgi.

Na je asibitin da kaina bayan haka. Tsofaffi ne zaune a baranda, wasu daga ƙauyuka masu nisa, kowa riƙe da hannun wanda ya jawo shi. Ba wanda ya iya gaya masu cewa likita ba zai dawo ba.

Malam Mu'azu ya sha fama da Ciyaman kafin ya yarda zai ba da haƙuri, amma Ciyaman ya ce ba a Katsina ba, kuma ba a gaban kowa ba. Shi kuma likita, ta bakin matarsa, ya ce ba zai zo taro ba, amma zai iya cin abinci da su a wani gidan abincin Indiyawa da ke Kano. Sai Sakatare ya kira ni ofis.

"Malam Kabir, akwai ɗaki na musamman a saman gidan abincin nan. Ka je ka kama mana shi ranar Asabar."

"To, ranka shi daɗe. In an riga an kama fa?"

"Jirginsu ranar Litinin ne," ya ce, ya ci gaba da aikinsa.

Na isa Kano da hantsi. Gida ne na alfarma, da mai gadi a ƙofa, ma'aikata sanye da fararen kaya, ko'ina ƙamshin kori da man shanu. Mai gidan wata dattijuwa ce, Madam Anita. Ta hau da ni sama ta nuna mani ɗakin. Ƙofarsa ta katako ce mai sassaƙa, a ciki tebur guda da labule masu kauri, in ka rufe ba ka jin motsin ƙasa. Na ce ya yi. Sai ta tambayi wanda zai zo. Da na ambaci Ciyaman, ta jawo ƙofar ta kulle.

"Ba na ba 'yan siyasa," ta ce da Hausarta mai kyau. "Wancan makon na ba wani. Ya ce mutum shida ne, aka cika mani gida har matakala, da maroƙa da masu ganga. Baƙina suka bar abincinsu suka tafi."

Na yi rantsuwa cewa ba za mu zo da taro ba, ta ce wancan ma ya yi. Na nuna mata katin aikina, ta ce a lokacin soja ne ake tsoron kati.

Ban tafi ba. Na samu kujera kusa da ƙofa na zauna. Aka yi abincin rana aka watse ina nan, na fita na yi Azahar na dawo, na yi La'asar na dawo. Da ta ga haka ta aiko mani da shayi mai madara da citta, sannan ta zo ta zauna. Ban sake ambaton Ciyaman ba. Na ba ta labarin tsofaffin da ke baranda, na ce in wannan zama bai yiwu ba, ranar Talata ni za a tura in sallame su.

Sai ta ce, "Kujera huɗu zan sa. Mutum na biyar ya taka ƙofar gidana, zan tashe su ko suna tsakiyar ci."

Na ce na yarda. Muka zauna kan abinci. Likita da matarsa ba sa cin nama, don haka na roƙa kada a kawo nama teburin sam, a yi shinkafa da miyar wake da alayyafo da gurasarsu. Na ce a rage yaji saboda Ciyaman na da gyambon ciki, kada a kawo giya, a kuma shimfiɗa darduma a gefe. Kujeru huɗun na likita ne da matarsa da Ciyaman da Sakatare. Ni ba ni da wurin zama.

Da na dawo na gaya wa Alhaji Sada sharaɗin, ya ce ba komai. Amma ranar Asabar muna fita daga gidansa a Ƙofar Marusa na waiga na ga motoci uku a bayanmu, maƙare da mutane. Muka ci gaba har Bichi, inda muka tsaya salla. Bayan an sallame na matsa kusa da shi.

"Ranka shi daɗe, daga nan ba zan iya ci gaba da mutanen nan ba."

"Ka san su wane ne? Su suka sha rana domina."

"Na sani. Amma in suka bi mu, a bakin ƙofa za a mai da mu, a gabansu. Gara a ba ni takardar tuhuma ranar Litinin da in kai ka inda za a wulaƙanta ka."

Ya dube ni har na ɗauka aikina ya ƙare. Malam Mu'azu ya sunkuyar da kai. Can sai Ciyaman ya kira shugaban yaransa, wani ƙato da suke ce wa Sarkin Yaƙi, ya ce su wuce Fagge su ci abinci su jira shi. Motoci biyu suka bi umarni. Ta Sarkin Yaƙi kuwa ta biyo mu har ƙofar gidan abincin.

Na raka manya zuwa matakala, na ga Dokta Menon ya miƙe tsaye a sama, sai na juyo na tsaya a bakin ƙofar waje tare da mai gadi. Hadari ya haɗo, ruwa ya sauko. Sarkin Yaƙi ya fito daga mota ya tsaya a gabana.

"Malam, matsa. Ba a raba ni da maigida."

"Yau za a raba ku na ɗan lokaci."

Ya cafki wuyan rigata ya murɗe har maɓalli ya tsinke. Na riƙe ƙarfen ƙofar da hannu biyu. Na ce mashi in ya ga dama ya buge ni, sai dai ya sani ƙarar za ta kai sama, kuma maigidansa ne zai ji kunya. Ya riƙe ni yana huci, daga baya ya sake ni ya koma mota. Ni kuma ban yarda na matsa ba, don na san ina juya baya zai shiga. A nan na tsaya ruwa na dukana har suka gama.

Da suka sauko, Ciyaman ne ya riƙe wa matar likita lema har mota. Muka kama hanyar Katsina. Sai da muka wuce Kankiya Malam Mu'azu ya juyo ya ce, "Ranar Talata ka tura mota Kano ta ɗauko likita."

Dokta Menon ya dawo, ya zauna har ya horar da wani matashin likita ɗan Katsina, sannan ya tafi gida da mutuncinsa. Ni kuwa Sarkin Yaƙi bai yafe mani ba. Ya yi ta kai sukata har aka ɗauke ni daga kula da baƙi aka mai da ni sito, inda na yi shekaru ina lura da katifu da bokitai. Abin ya yi mani ciwo, ba zan ɓoye maku ba, amma ban taɓa yin da-na-sani ba.

Mutane da yawa sun tambaye ni abin da Alhaji Sada ya ce wa likita a ɗakin nan. Ban sani ba, ban kuma taɓa tambayar Malam Mu'azu ba har ya rasu. Ku da kuka shigo aikin nan kuna ganin kamar jera kujeru ne da odar abinci. Abin da na koya shi ne, babban mutum ma yakan so ya ce ya yi kuskure, sai dai ba zai iya ba in ana kallonsa. Aikinku ne ku samar mashi wurin da zai faɗa, ku tsare ƙofar, in ya fito kuma kada ku dubi fuskarsa.