Wayar Matar Yayana

Yayana mai gyaran waya ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, teburi ɗaya da tsohuwar kwamfuta da fitila mai lanƙwasasshen wuya. Mutanen layin Injiniya suke ce masa. Bai cika son canza gilashi ba, ya fi son wayar da ta rikice daga ciki, wadda wasu suka taɓa suka kasa. Mutum ne marar yawan magana. A gida matarsa ce mai surutu, har muna tsokanarsa cewa ta cinye masa rabonsa na baki.

Shekarar da ta haifi 'yarsu hawan jini ya kayar da ita. Ta tashi da shanyewar ɓarin jiki, maganar kuma ba ta dawo ba. Tana jin komai, tana gane kowa, amma sai dai ta yi nuni da hannun hagu.

Da yarinyar ta yi wayo, wata rana ta tambaye shi yadda muryar mamanta take. Sai ya tuna da tsohuwar wayar matar, wadda ta cika da naɗe-naɗen muryarta, har da waƙoƙin da take yi wa cikin kafin ta haihu. Ya ciro ta daga ƙasan akwati ya tafi da ita shago.

Wayar ta ƙi tashi. Tambarin kamfanin zai bayyana, ya daɗe, allon ya mutu, ta sake farawa. Na kai masa abinci na tarar ya jona ta da kwamfuta, rubutu na ta gudu.

"Yaya, me ya same ta?" na tambaya.

"Duk lokacin da za ta tashi, sai ta ba da umarnin a canza izinin wani fayil don ta iya karanta shi," in ji shi. "Umarnin ne ke faɗuwa. Kin ga nan, an hana."

"Wa ya hana?"

"Shi nake nema."

Ya rubuta umarnin da hannunsa, wayar ta ƙi. Ya yi zaton tana gaggawa ne kafin ma'ajiyar bayananta ta gama buɗewa, ya yi ƙoƙarin mayar da layin umarnin can ƙasa. Da ya kashe ya kunna, gyaran ya ɓace kamar bai taɓa ba. Haka ya yi ta fama makonni. Masu kawo aiki suka gaji da "dawo gobe" suka koma shagon gaba.

A ƙarshe ya gano. Ma'ajiyar ce ta tsufa ta kulle kanta, ba ta ƙara karɓar rubutu. Abin da ke cikinta kuwa a ɓoye yake, wayar ce kaɗai ke iya warware shi, shi ma sai in ta tashi. In ya sa sabuwar ma'ajiya za ta yi aiki sarai, amma babu komai a ciki.

Ina ɗakin lokacin da ya gaya wa matar. Ya zauna bakin gado ya ce, "Maman yarinya, na kasa." Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta karɓi wayar ta tura ƙarƙashin matashinta, ta juya ga bango.

Tun daga nan Yaya ya daina karɓar irin wannan aiki. Gilashi da batir kawai yake canzawa, ya rufe shago da wuri. Kwanaki da na kai masa abinci na ce masa ko za a gwada wani gwanin a wani gari.

"Ƙanwata, ba gwani ba ne matsalar," ya ce. "Abin da ya fi damuna, ni ma na fara mantawa da yadda take kiran sunana."

Na tattara kwanukan na tafi.