Dandamalin Mutum Arba'in

Yayana mai walda ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ƙona idanunsa a wata rumfar kwano da ke bayan tashar mota, yana haɗa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe. Idan ya gama aiki ba ya barin mai kaya ya ɗauka sai ya jawo guduma ya maka wa mahaɗar sau uku a gabansa, shi ya sa 'yan layin suka laƙa masa Sai-an-buga. Matarsa kan ce Allah ne ya so ta, da ita ma sai ta sha guduma kafin a ɗaura aure.

Haka yake auna 'yan siyasa. Idan rediyo ya fara zubo alkawura, sai ya kunna injin yankan ƙarfe ya bar su suna yi. Amma da zarar an ce an kama wani ɗan takara da abin kunya, sai ya kashe komai, ya cire baƙin gilashinsa, ya kasa kunne.

"Ƙanwata, alkawari fenti ne," yake ce min. "Ki bari a ritsa mutum tukuna, sannan ki ji bakin da zai yi magana da shi."

A zaɓen shugaban ƙasa da ya wuce, manyan 'yan takara biyu ne, wanda ake kira Dogo da wanda ake kira Lauya. Yaya ya karkata ga Dogo, don a farkon kamfe motar ayarinsa ta murƙushe teburin wata mai sayar da tumatir, shi kuwa ya sauko da ƙafarsa ya ba ta haƙuri a gaban kyamara. Saboda haka ranar da aka ba Yaya aikin dandamalin da Dogo zai tsaya a garinmu, bakinsa har kunne.

Kwana goma sha biyu ya yi yana haɗa shi da sabon ƙarfe. Da ya gama, ya rubuta MUTUM 40 da jan fenti a jikin matakala. Masu ado suka zo suka lulluɓe rubutun da yadin jam'iyya. Ya yaye, suka mayar.

Ranar taron ina wurin. Rana ta take, mata masu sayar da ruwa suka shige ƙarƙashin dandamalin suna neman inuwa. Yaya na tsaye a gindin matakala yana ƙirga masu hawa da leɓensa. Da ya kai sittin, ya kutsa tsakanin masu gadi ya tari Dogo.

"Ranka ya daɗe, mutum arba'in yake ɗauka. A sauko da wasu."

Dogo ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa.

"Malam, ai masoya ba a ƙirga su."

Ya haye, ya juyo, ya yafito wasu da hannunsa. Da kunnena na ji, da idona na gani. Ba a yi minti ashirin ba, suna tsalle suna rawa, gefen hagu ya zube. Mata uku suka mutu a ƙarƙashi, da wani tsoho. Dogo kuwa hannun rigarsa kawai ya yage. Yaya ne ya ruga ya ɗauko zarto ya riƙa yanke ƙarfen da ya haɗa da hannunsa ana zaro mutane. Washegari da safe 'yan sanda suka tafi da shi.

Kullum na kai masa abinci, tambayarsa ɗaya ce.

"Dogo ya yi magana?"

"Tukuna, Yaya."

"Zai yi. Ya ji ni, har kafaɗata ya dafa."

A rana ta huɗu Dogo ya fito a talabijin, da bandeji a hannun da babu abin da ya same shi. Ya share hawaye, ya yi wa mamatan addu'a, sannan ya ce maƙiya ne suka sayi wani mai walda ya yi aikin ha'inci don a hallaka shi. Na tsani mutumin nan tun daga wannan minti, kuma har yau ban sassauta ba. Na je na faɗa wa Yaya. Ya turo min kwanon abincin yadda na kawo shi.

Sai ga mutanen Lauya, su biyu, sun sha turare, da takarda a hannu. Suka ce mai gidansu ya ɗauki maganar da zafi, zai tsaya wa Yaya har kotun ƙarshe. Abin da ake so kawai ya sa hannu cewa mutanen Dogo ne suka tilasta masa amfani da ruɓaɓɓen ƙarfe.

"Ƙarfen sabo ne," in ji Yaya. "Ni na zaɓe shi. Ku rubuta abin da ya faru, in sa hannu."

"Abin da ya faru ba ya cin zaɓe, Baba," in ji ɗayansu.

Ba zan ɓoye ba, na roƙe shi. Na ce, "Yaya, don girman Allah ka sa. Shi ya ji kunyar yi maka ƙarya?" Ya dube ni da jajayen idanun nan nasa, ya ce to shi da Dogo sai su zama ɗaya ke nan. Mutanen suka naɗe takardarsu suka fita, tun daga ranar suka yi ɓatan dabo. Bayan mako guda aka bankaɗo wata badaƙalar filaye a kan Lauya, shi ma ya hau rediyo ya ce sharrin maƙiya ne, ya miƙa sakatarensa aka kama.

A kotu aka nemi matakalar da ke da rubutu, aka ce ba a san inda ta shiga ba. Masu gadin da ke tsaye a wurin duk suka zama kurame. Na ba da shaida, aka ce ai ƙanwarsa ce. Alƙali ya yanke masa shekara tara. Dogo ya ci zaɓe, bayan wata uku ya naɗa Lauya minista, na ga hotonsu sun rungume juna.

Watan jiya na je gidan yari, na tarar da tafin hannunsa da sabuwar ƙuna. Ya ce gandirobobi sun gano sana'arsa, ƙarafan tagar ɗakinsu kuwa tsatsa ta cinye, shi ne suka kawo masa inji ya sauya su.

Na matso, na rage murya.

"Da fatan dai ka bar su sako-sako."

Ya girgiza kai.

"Ni da na ce wa alƙali ban taɓa yin aikin ha'inci ba? Ko da mota aka ja tagar nan, ba za ta fita ba."